Jin Magana da Jin Icce

Ranar da na rataye allon maɗacin nan a zaure, mai ɗauke da dagi a tsakiyarsa, ƙanwar mahaifina ce ta fara tsayawa a kansa. Ta sa yatsa ta bi igiyar dagin, inda ta nutse ƙarƙashin 'yar'uwarta ta sake ɓullowa a gaba, sannan ta waiwayo ta ce, "Kai ka sassaƙa wannan?"

Na buɗe baki zan ce e, sai kalmar ta tsaya mini a maƙogwaro. Na ce, "Gwaggo, a ɗakina aka yi shi."

Ta ce, "Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Gaskiyarta. Tun daga ranar tambayar take bina, kuma da na zauna da ita sai na tarar ba a kan inji take ba. A kan kalmomi uku ko huɗu take, waɗanda muka gada tun kafin a san wutar lantarki, yanzu kuma muke neman ɗora musu kayan da ba a auna da wuyansu ba.

A bayan gidanmu akwai ɗakin da a da muke jibge buhunan masara. Nan na kafa injin da ya yanka allon. Teburi ne na ƙarfe, faɗinsa santimita 60, tsawonsa 90, da wata gada da ke tafiya a kansa gaba da baya. A jikin gadar kan injin yake, yana zirga-zirga dama da hagu, yana hawa yana sauka. A bakinsa ake ɗaura ɗan ƙarfen da ke yanka, wanda ni haƙori nake ce masa, tunda cin katako ne aikinsa. Haƙorin nan yakan juya sau 18,000 a minti guda. Masu sayar da injin CNC suke kiransa, haruffa uku da ke nufin tafiyar da inji da lambobi ta hanyar kwamfuta. Ina zana abin da nake so a kwamfuta, in gaya mata kaurin katakon, da irin haƙorin da na ɗaura, da zurfin da zai ci a kowane zagaye, da saurin da zai yi tafiya. Ita kuma ta mayar da zanen layuka dubbai na umarni. Haƙori mai shimfiɗaɗɗen baki ne ke fara shiga, ya kwashe mafi yawan naman katakon milimita biyu-biyu, ya bar zanen hawa-hawa kamar matakala. Sai a canza masa mai zagayayyen baki, ya bi layi bayan layi yana share matakalar. Dagin nan awa huɗu ya ci a zagaye na biyu kaɗai. Ni kuwa ina tsaye a gefe, hannuwana a aljihu.

To, sunan wannan sassaƙa?

Faɗi kalmar a hankali ka saurara. Sara biyu ne marasa nauyi, sannan ƙa, inda ƙarfe ya cije. Ni dai ba na iya furta ta ban ga kawuna ba, yayan mahaifiyata, wanda ya gaji gizago daga mahaifinsa. Turmi da taɓarya, akushi, muciya, ƙotar fartanya, allon almajirai, duk sun bi ta tsakanin ƙafafunsa. Ƙirya yake nema in turmi zai yi, saboda taurinta. Allo kuwa aduwa. Kafin ya kai sara ko ɗaya, sai ya ƙwanƙwasa gungumen da ƙeyar gizago ya karkata kunne, ya ji ko akwai kogo a ciki, ko gara ta riga shi. Ba ya zane. Kowane sara amsa ce ga wanda ya gabace shi: ya sara, iccen ya nuna masa yadda ya karɓa, ya gyara hannu ya sake. Idan jijiyar iccen ta juya, shi ma ya juya gungumen. Hira ce suke yi su biyu, tun hantsi har la'asar.

Hausa ta raba wannan halitta gida uku. Bishiya tana tsaye da ranta. Icce an kayar da shi, amma yana nan da ɓawonsa da karkatarsa da halinsa. Katako kuwa zarto ya riga ya ladabtar da shi, ya zama shimfiɗaɗɗe mai kusurwa huɗu. Kawu daga bishiya yake farawa, ni daga katako. Har karin maganar da kowa ya sani, sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho, da bishiya mai rai take magana, wadda ake ɗiban ɓawonta ta warke. Abin da ya faɗo daga bakin gizago ma yana da suna, sassaƙe, kuma sassaƙen maɗaci magani ne da iyayenmu ke jiƙawa, mai ɗacin da ya ba bishiyar sunanta. Na daɗe ina zaton inji ba ya zubar da sassaƙe, sai gari. Ashe ba haka ba ne. Idan saurin tafiya ya dace da saurin juyawa, 'yan mitsi-mitsin sassaƙe ne ke tashi daga bakin haƙori, kuma su ne ke ɗauke zafin yankan su fita da shi. Idan ka ga gari zalla kamar na tuwo, to haƙorin ba ci yake ba, guga yake, kuma nan da kaɗan zai yi zafi ya dakushe, ya bar baƙin tabo a katakon. Yanzu nakan damƙi abin da ya zubo in murza a tafin hannu, kamar yadda mai niƙa ke duba gari.

Sunayen da muke kiran injin da su ma suna da labari. Inji daga Turanci muka aro shi, muka mai da shi namiji. Na'ura daga Larabci ta zo, mace ce, kuma asalinta sunan manyan ƙafafun ɗiban ruwa ne na katako, irin waɗanda har yau suke tsaye a bakin kogin Asi a birnin Hama na Siriya. Larabawa daga gurnanin da suke yi suka raɗa musu sunan. Wato tun farko da kunne aka san na'ura. Da kwamfuta ta iso, sai muka yi mata kirari da na'ura mai ƙwaƙwalwa, kuma a nan ne nake ganin mun yi kyautar da ta fi ƙarfin mai karɓa. Wanda ya kwana ɗaki ɗaya da injin sassaƙa ya san babu tunani ko na ƙwayar gero a cikinsa. Abin da yake da shi biyayya ce, tsantsarta.

Wannan biyayya a masaƙa aka fara koyar da ita. A 1804, a birnin Liyon na Faransa, Joseph Marie Jacquard ya haɗa masaƙar da ke karanta katuna masu huji: inda akwai huji zare ya ɗaga, inda babu ya kwanta, adon ya fito ba tare da masaƙi ya riƙe shi a ka ba. Daga saƙa abin ya gangaro zuwa sassaƙa, kuma kunnen Bahaushe ba zai rasa jin daɗin kusancin kalmomin biyu ba. A ƙarshen shekarun 1940, John Parsons, mai masana'antar fukafukan jirgi mai saukar ungulu a jihar Mishigan ta Amurka, ya riƙa lissafa lanƙwasar fiffike ɗigo-ɗigo da injunan katuna masu huji. Rundunar sojan saman Amurka ta zuba kuɗi a 1949, kuma a 1952 jami'ar MIT ta nuna injin yankan ƙarfe da ke karɓar umarni daga doguwar takarda mai huji. Shekaru da dama abin na manyan masana'antu ne kawai. Sai a 1996 Ted Hall, malamin jami'ar Duke da ke sha'awar ƙera kwale-kwalen katako a gida, ya kafa kamfanin ShopBot don yin injin da ƙaramin kafinta zai iya saya. Daga nan kamfanoni suka yi ta fitowa, farashi ya yi ta sauka, har injin ya shiga garejin gidaje, har ya iso ɗakin masararmu.

Harshen da ake yi masa magana da shi gajere ne, babu gaisuwa babu roƙo. G0, tafi can da gudu ba tare da yanka ba. G1, tafi a miƙe kana yanka. G2 da G3, yi baka, ta dama ko ta hagu. M3, fara juyawa. M5, daina. Sauran duk lambobi ne na wuri, X da Y da Z, a bisa dabarar nuna wuri da lamba da ake jingina wa René Descartes tun littafinsa na 1637. Layi guda zai ce G1 X40 Y25 F1200, ma'ana je ka ɗigo kaza, kana cin milimita 1,200 a minti. Da harafin G ake kiran harshen gaba ɗaya, harafin da masu Turanci ke furtawa "ji". Katari ne kawai, amma ranar da na lura da shi na daɗe a zaune.

Domin a kan ji ɗin nan ne kawu ya warware mini rabin tambayar gwaggo, ba tare da ya san an yi ta ba. Ya zo ganin likitan ido, ya sauka wurinmu kwana uku. Da yamma na kai shi ɗakin, na ɗaure wani katakon maɗaci, na tayar da inji. Ya tsuguna nesa kaɗan, ya toshe kunne ɗaya da yatsa, yana kallon gadar tana kai da kawowa.

Ya ce, "Duk abin da ka ce masa shi yake yi?"

Na ce, "Ko da kuskure ne, Kawu."

Ya gyaɗa kai. "Lallai yana jin magana."

Can sai haƙorin ya iso wani wuri da reshe ya taɓa fita, inda jijiyar katakon ta murɗe ta yi tauri. Kukan injin ya canza, ya yi tsini. Kafin in kai hannu in rage masa sauri, kawu ya riga ya miƙe tsaye. Injin kuwa ya ratsa wurin da saurin da aka ba shi, ya ɓantare wani ɗan yanki a gefen zanen, ya wuce abinsa.

Kawu ya koma ya tsuguna. Ya ce, "Amma ba ya jin icce."

Bahaushe ya ba ido kalmarsa shi kaɗai, gani, sannan ya tattara duk sauran ƙofofin jiki ya zuba su cikin ji. Da ji ake sauraron kiran salla, da shi ake sanin miya ta yi gishiri, da shi ake gane tuwo ya fara ƙauri, da shi fata ke sanin sanyin hunturu. Bai tsaya nan ba. Wanda ya fahimci harshe, ya ji Hausa. Yaron da ke bin umarni, yana jin magana, wanda ya kangare kuwa ba ya ji. Mai tausayi yana jin ƙai. Kalma ɗaya ta ɗauki saurare da ɗanɗano da fahimta da biyayya, kamar dai harshen yana cewa duk abu guda ne: wani abu ya zo maka daga waje, ka bar shi ya shiga, ya canza abin da za ka yi. A jimla biyu kawu ya tsaga kalmar gida biyu, ya nuna mini wanda injin ya ɗauka da wanda ya bari.

Kuma maganarsa ta yi daidai har a cikin wayoyin injin. Ƙananan injuna irin nawa da taki suke tafiya: kowane ɗan injin da ke jan gadar yana cika zagaye ɗaya da taki 200, kwamfuta tana aika masa adadin takin da zai yi. Ba ta tambayarsa ko ya yi. Idan haƙori ya cije a wuri mai tauri har taki goma suka kuɓuce, babu mai kai mata labari. Za ta ci gaba da ƙirga kamar komai lafiya, sauran zanen duka ya goce da wannan goman. Umarni yana fita, amsa ba ta dawowa. A fuskar kwamfuta ma katako ba shi da jijiya, ba shi da gaɓa, ba shi da gefen da ya fi wani bushewa. Dunƙule ne mai launi ɗaya. Duk aikin da ake yi a can na gani ne.

Wani Bature, David Pye, wanda ya koyar da tsara kayan ɗaki a Kwalejin Fasaha ta Sarauta a Landan, ya fitar da littafi a 1968 inda ya ƙi yarda a raba aiki zuwa na hannu da na inji. A ganinsa rabon da ke da ma'ana shi ne tsakanin aikin da zai iya ɓaci a kowane motsi na mai yinsa, da aikin da an riga an ƙulle sakamakonsa tun kafin a fara. Shi kansa yana sassaƙa akusa, har ya ƙera wa kansa wata na'urar hannu da ke taya shi fitar musu da layuka. Na yarda da shi, sai dai zama da injin ya nuna mini cewa kasadar ba ɓacewa take yi ba, ƙaura take yi. Ta kawu a warwatse take cikin sara dubu, kowanne da ɗan rabonsa, kuma in ɗaya ya kauce na gaba zai iya rufa masa asiri. Tawa a dunƙule take wuri guda, kafin in danna maɓalli. Lamba ɗaya in ta karkace, haƙori zai nutse ya huda katakon har ya ci teburin, da irin natsuwar da zai yi aikin daidai. Duk jin da zan yi wa katakon, sai in yi shi tun da wuri: in juya shi a hannu, in duba inda jijiyarsa ta nufa, in kauce wa gaɓa, in yanke shawarar gefen da zai kalli sama. Bayan haka abin da ya rage mini kunne ne da hanci, da yatsa a kan maɓallin tsayarwa. Shi ya sa ba a barin injin nan shi kaɗai a ɗaki yana aiki. Garin katako da zafi maƙwabtan gobara ne, kuma garin nan ba abin shaƙa ba ne, sai da takunkumi.

Akwai kuma sifiri. Kalmar Larabci ce mai nufin wofi, amma a ɗakin nan babu abin da ya kai ta nauyi. Kafin kowane aiki sai ka nuna wa injin ɗigon da zai kira sifiri, kusurwar katako ko tsakiyarsa, da daidai fuskarsa ta sama. Daga nan yake ƙirga komai. Wata rana an ɗauke wuta ina awa ta uku cikin wani aiki. Da ta dawo, umarnin yana nan cif, ko layi ɗaya bai ɓata ba, amma injin ya manta inda yake tsaye. Katakon da na yi mako biyu ina nema haka ya koma abin hura wuta. Tun daga nan nake huda ɗan ƙaramin rami a gefen kowane katako, inda zan koma in sake samo sifirina.

Saura tambayar wa ya yi. Hausa ba ta da rowa a nan. Mukan ce sarki ya gina ganuwa, alhali ko curi ɗaya bai ɗauka ba. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda aka gina a ƙarni na 19 zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da sunan Babban Gwani ake ambatonsa, ko da yake hannaye masu yawa ne suka kwaɓa ƙasar suka ɗora azara. Ke nan harshen ya yarda mai tsarawa da mai sa a yi su ci sunan aiki. Sai dai gwani bai zama gwani daga nesa ba. Ya san ƙasa da tafin hannunsa kafin ya fara nuna wa wasu da yatsa, kuma waɗanda yake nuna wa mutane ne, masu iya ce masa wannan kwaɓin bai yi ba. Nawa ma'aikacin ba zai taɓa ce mini komai ba.

Don haka na tsayar wa kaina iyaka. Ba zan kira abin da ya fito daga ɗakin nan aikin hannu ba, ko da mai saye zai ƙara kuɗi saboda kalmar, domin kalmar ta su kawu ce kuma da ita suke cin abinci. Ba na kuma jin kunyar injin. Yana fitar da rubutu da layuka masu daidaito da gizago ba zai iya ba, kuma ba shi ne ke kashe kasuwar masassaƙa ba. Turmi ko shiga ƙarƙashin gadarsa ba zai yi ba. Kwanon roba da injin niƙa da ƙarancin ƙirya a daji sun riga shi yin wannan ɓarna da shekaru. Sannan akwai inda dole ya sallama. Haƙorinsa zagayayye ne, saboda haka ba ya iya fitar da kusurwa mai tsini ta ciki, kuma daga sama kawai yake ci. Dagi kuwa duk kusurwoyi ne, duk inda igiya ta haye igiya. Waɗannan da wuƙa na bi su ɗaya bayan ɗaya, dare biyu, garin maɗaci yana yi mini ɗaci a harshe. Da gwaggo ta sake zuwa na ce mata, "Ni na zana, inji ya ci, na ƙarasa da wuƙa." Ta ce, "To, yanzu na ji."

Da safen ranar da kawu zai koma, na ce ya taya ni ɗaura wani aikin. Na nuna masa yadda ake samo sifirin sama: a shimfiɗa 'yar takarda a kan katako, a riƙa sauko da haƙori kaɗan-kaɗan, ana motsa takardar da yatsa, har a ji ta fara kamawa. Kaurin takarda bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Idanunsa da aka ɗiga wa magani ba sa ganin tazarar, ni ma nawa ba sa gani. Ya ɗora yatsu biyu a kan takardar, yana ja yana turawa a hankali, ni ina danna maɓalli taki ɗaya-ɗaya. Ɗakin ya yi tsit, sai ɗan ƙaran injin duk lokacin da ya sauko.

Ina shirin sake dannawa ya ce, "Tsaya, ɗan nan. Ya taɓa."

Na ɗauke yatsa, na rubuta sifiri.